Jini ya dawo, ƙwaƙwalwa fa? Tambaya kan ƙarancin sinadarin ƙarfe ga jarirai

Uwargida, Aboabo:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da ungozomomin da ke cikinmu ce. A wurin awon yara sau da yawa akan ce wa uwa jinin ɗanta ya yi ƙasa, a rubuta mata maganin ƙarin jini. Ta ba shi sati biyu ko uku, da ta ga tafin hannunsa ya yi ja sai ta ajiye kwalba. To ga shi ana cewa masu binciken ƙwaƙwalwa a Amurka sun gano ƙarancin sinadarin ƙarfe a shekara biyun farko yana yi wa ƙwaƙwalwar yaro illar da ba ta tafiya ko da jinin ya dawo daidai. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta wace hanya? Kuma me ya hana a riƙa ba kowane jariri ɗigon maganin tun yana wata shida kowa ya huta? Ta ƙarshe: yaro ɗan wata tara da ba ya cin komai sai koko da nonon uwa, yana samun abin da ya ishe shi?

Likitan yara, Asawase:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar tana da tushe, sai dai tana son a warware ta a tsanake.

Gwajin da ake yi a wurin awo himoglobin yake aunawa, wato sinadarin da ke sa jini ja, shi kuwa himoglobin shi ne na ƙarshe wajen faɗuwa. Idan ƙarfe ya fara ƙaranci a jikin jariri, jiki yakan fara kwashe ajiyar da ke hanta, sannan ya rage wa tsoka da zuciya, sannan ya rage wa ƙwaƙwalwa, duk don kada a daina ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Michael Georgieff, likitan jarirai kuma mai binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Minnesota, ya daɗe yana jan hankali a kan wannan. Ranar da aka ce wa uwa jini ya sauka, ƙwaƙwalwa ta riga ta jima cikin rashi. Kuma yaro yana iya zama da ƙarancin ƙarfe alhali sakamakon jininsa lafiya lau.

Me ƙwaƙwalwa take yi da ƙarfen? Akwai wani kitse da ke naɗe jijiyoyi, ana ce masa mayalin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Shi ke sa saƙo ya yi gudu. Ƙwayoyin da ke ƙera shi suna cikin waɗanda suka fi kowa cin ƙarfe a ƙwaƙwalwa, kuma aikin naɗin ya fi ƙarfi daga ƙarshen ciki zuwa shekara biyu. A ƙasar Chile an auna saurin da sauti ke bi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa a jariran da suka yi wannan ƙarancin jini a wata shida, aka tarar saƙon nasu yana jinkiri, har bayan an ba su magani. Sannan sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su, musamman dofamin, ba sa haɗuwa sai da ƙarfe. Shi ya sa irin waɗannan yara ake ganinsu da sanyin jiki da yawan tsoro, suna maƙale wa uwa, ba sa son wasa. Sai kuma sashen da ake kira hifokamfas, inda ake ajiye sabon abin da aka koya. Yana girma da sauri ƙwarai gab da haihuwa da bayanta. A gwajin ɓeraye, idan aka rage masa ƙarfe a wannan lokacin rassan jijiyoyinsa ba sa bazuwa yadda ya kamata, kuma ko an mayar da ƙarfen daga baya wasu canje-canjen suna nan har girma. A jarirai ma ƙungiyar Georgieff ta auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa lokacin da jariri ke jin muryar uwarsa da ta baƙuwa, ta ga waɗanda aka haifa da ƙarancin ajiyar ƙarfe ba sa bambancewa kamar sauran.

Binciken da ya fi shahara a kan yara shi ne na Betsy Lozoff ta Jami'ar Michigan a ƙasar Kosta Rika. Ta ɗauki yara 191 masu wata 12 zuwa 23 a shekarun 1980, aka ba masu ƙaranci magani, aka ci gaba da bibiyarsu. Rahoton 1991 ya nuna a shekara biyar jininsu daidai yake da na kowa, amma waɗanda ƙarancinsu ya yi tsanani ya kuma daɗe suna baya a gwajin fahimta da na motsin jiki. A shekara 11 zuwa 14 sun fi maimaita aji, sun fi samun matsalar mai da hankali. A shekara 19, 'ya'yan masu matsakaicin hali tazararsu da waɗanda ba su yi ƙarancin ba a gwajin fahimta ta tsaya a maki 8 zuwa 9, amma 'ya'yan talakawa tazarar ta buɗe daga maki 10 zuwa 25.

Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi kamata a tsaya a kai. Yana nuna ba ƙarfe kaɗai ke magana ba. Gida, makaranta, wasa da hira da yaro duk suna rage illar ko su ƙara ta. Kuma irin wannan bincike bibiya ce kawai, ba za a iya cewa ƙarfe ne ya jawo dukan bambancin ba, tunda gidan da ƙarfe ya yi ƙaranci galibi wasu abubuwan ma sun yi ƙaranci. Don haka uwar da aka ce wa jinin ɗanta ya sauka kada ta ɗauka shi ke nan. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda abin ya yi tsanani ya kuma ɗau watanni ba a lura ba.

Ga ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa himoglobin ƙasa da giram 11 ƙarancin jini ne ga yaro mai wata 6 zuwa 59; a 2024 ta mayar da na 'yan wata 6 zuwa 23 ya zama 10.5. Gwajin da ke nuna ajiya shi ne feritin: ƙasa da 12 ƙaranci ne, amma in yaro na da zazzaɓi ko wata cuta feritin yakan hau na ƙarya, sai a ɗauki 30 a matsayin iyaka. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya samu kashi 49 cikin 100 na yaran Ghana 'yan ƙasa da shekara biyar da ƙarancin jini, daga kashi 66 a 2014.

Ungozoma, Tafo:

Dakta ya gama da ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ni zan koma baya, don wata shida da kike magana a kai, Hajiya, an riga an makara da rabin aikin.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfen da ake haihuwar jariri da shi a watanni ukun ƙarshe na ciki yake tara shi. Cikakken jariri yana zuwa da wajen miligiram 75 a kowane kilo na nauyinsa, kuma da wannan guzurin yake rayuwa wata huɗu zuwa shida. Bakwaini bai samu tarawa ba. Haka wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, da tagwaye, da ɗan mai hawan jinin ciki saboda mabiyiya ba ta isar da abinci sosai. Ɗan mai ciwon suga abin nasa da ban mamaki: ya zo ƙato jajir, amma jikinsa ya zuba ƙarfen wajen ƙera jini da yawa, ajiya ta zama fanko.

Ciki ɗaya yana cin wajen miligiram 1000 na ƙarfe a jikin uwa. Shi ya sa ake ba mai ciki miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid maikirogiram 400, tun zuwan farko awon ciki har bayan haihuwa. Inda ake samun matsala: ƙwayar tana kawo tashin zuciya da taurin bayan gida, sai a jefa ta ƙarƙashin katifa. A sha ta da dare kafin barci, ko bayan 'yar loma. Kada a kora ta da shayi ko Milo da madara, a bar awa biyu tsakani. Farar ƙasa, wadda ake sayarwa da sunan ayilo ko shile, tana kama ƙarfe a hanji ta hana shi shiga, kuma kwaɗayinta kansa yawanci alamar ƙarancin ne, haka tauna ƙanƙara. Sai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na SP da ake haɗiyewa a gaban ma'aikaciya daga sati 16, wata-wata. Kwanika ma tana cikin lissafi: uwar da ta sake ɗaukar ciki kafin ta mayar da abin da ta rasa, na biyun da ƙaramin guzuri zai zo.

Abin da ba ya cin ko sisi shi ne jinkirta ɗaure cibiya. Minti ɗaya zuwa uku bayan haihuwa, jini mililita 80 zuwa 100 yana gangarowa daga mabiyiya zuwa jikin jariri, ƙarfe wajen miligiram 50 ke nan. A Suwidin an gwada jarirai 400, rabi aka ɗaure cikin daƙiƙa goma, rabi bayan minti uku. A wata huɗu feritin na waɗanda aka jinkirta wa ya fi da kashi 45 cikin 100, masu ƙarancin ƙarfe a cikinsu ba su kai kashi 1 ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 6. A shekara huɗu sun ɗan fi iya riƙe fensir da ƙananan ayyukan yatsu, musamman maza. Ana yin wannan ko a tiyata, ko ga bakwaini. Ba a jira sai in jariri bai yi numfashi ba ana buƙatar ceto shi nan take. Abin lura bayan haka shi ne shawara, a duba farin ido da fata a kwanakin farko. Mai ciki ta faɗa wa ungozomarta tun a awo cewa tana so a jinkirta, haƙƙinta ne.

Mai ilimin abinci, Sawaba:

Yaya, amsar tambayarki ta ƙarshe a'a ce, kuma lissafin ba shi da wuya. Ɗan wata 7 zuwa 12 yana buƙatar miligiram 11 a abincinsa kullum, ya fi abin da ake ƙiyasta wa babansa, wato 8. Nonon uwa lita guda ƙarfen da ke ciki wajen miligiram 0.3 ne. Yana shiga jiki da kyau, kuma ba a daina shayarwa, amma ba zai cike gurbin ba. Koko mai ruwa-ruwa kofi ɗaya bai wuce miligiram ɗaya ko biyu ba, shi ma akasarinsa wucewa yake yi saboda wani sinadari da ke cikin hatsi mai suna fayitet yana riƙe shi. Jiƙa gero da barin gasara ta yi tsami yana rage fayitet ɗin, wannan kam koko ya yi dace, amma tacewa da tsinkawa da ruwa suna kwashe abin da ya rage. Cikin yaro ɗan kilo 8 kuma bai ɗaukar fiye da kofi ɗaya a zama.

Ƙarfen nama da kifi jiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 nasa. Na ganye da hatsi da wake sau da yawa bai kai kashi 10 ba. Don haka hantar kaza dafaffiya a murƙushe, babban cokali ɗaya, tana ba da kusan miligiram ɗaya da rabi mai shiga sosai. Sau ɗaya ko biyu a sati ya isa saboda bitamin A da ke cikinta yana da yawa. Saifar saniya ta fi hanta ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma ta fi araha a wurin mahauta. Jan nama a dafa ya yi lugub a daka. Ko ɗan kaɗan ne a cikin miyar alayyafo ko kontomire yana taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga. A biyo abinci da lemu, gwanda, mangwaro ko gwaba, don bitamin C yana ninka abin da hanji ke ɗauka. Kunun ya yi kauri har ya tsaya a cokali.

Garin kifi yana da amfani wajen gina jiki, amma kada a dogara da shi a wannan fanni. Farfesa Anna Lartey da abokan aikinta sun gwada a Techiman, aka buga a 1999: jarirai 'yan wata 6 zuwa 12, wasu Weanimix (garin kunun yara na masara, waken suya da gyaɗa) zalla, wasu da garin kifi, wasu koko da garin kifi, wasu Weanimix da aka zuba wa bitamin da ma'adinai. Na ƙarshen ne kawai ajiyar ƙarfensu ta inganta.

Abu biyu suke ɓata aiki a gidajenmu. Shayi da ake ɗura wa yaro da burodi da safe yana iya rage shigar ƙarfe da fiye da rabi. Sai madarar shanu, ko ta gwangwani da ake sa wa shayi ko nonon fura, kafin shekara ɗaya: ƙarfenta kaɗan ne ƙwarai, tana cika ciki, kuma ɗanyarta tana iya sa hanjin jariri zubar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. Bayan shekara ma kada ta wuce rabin lita a yini. Malt da madara kuwa da ake haɗa wa mai jego ko yaro wai don ƙarin jini, ba su da ƙarfen da zai ƙara jini.

Mai haɗa magunguna, Alabar:

Saura tambayar Hajiya ta tsakiya, me ya hana a ba kowa. Sauro ne ya hana, da wani abu kuma.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da wasu ƙwayoyin cutar hanji su ma ƙarfe suke ci. A tsibirin Pemba na Zanzibar an raba wa dubban yara ƙarfe da folik asid ba tare da tantancewa ba, aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, domin kwanciya asibiti ko mutuwa ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 a cikin masu sha. An buga wannan a 2006. Daga baya aka sake gwadawa a nan gida, tare da cibiyar binciken lafiya ta Kintampo, yara kusan 2000 aka ba garin sinadarai da ake barbaɗawa a abinci, kowa da gidan sauro mai magani, kuma ana gwada duk mai zazzaɓi a yi masa magani da wuri. Rahoton 2013 ya nuna zazzaɓin bai ƙaru ba. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan a yau: inda ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin 100, 'yan wata 6 zuwa 23 su sha miligiram 10 zuwa 12.5 kullum wata uku a jere a shekara, amma a yankin sauro sai tare da gidan sauro da gwaji da magani.

Ɗaya abin kuma, in ɗan ƙara a kan na Dakta: a Bangaladash an ba jarirai 3300 'yan wata takwas ƙarfe ko maganin gwaji da ba ƙarfe a cikinsa na wata uku. Ƙarancin jini ya ragu, amma makin fahimta bai motsa ba. An buga a 2021. A Chile kuma yaran da jininsu ke sama tun farko aka ba su madara mai ƙarfe da yawa, a shekara goma sun yi ƙasa da takwarorinsu. Wanda ya ƙoshi, ƙari ba ya yi masa amfani. A ganina ƙarfin ya kamata a sa shi a lokacin ciki, da cibiya, da abinci, da kuma gano masu haɗari da wuri. Bakwaini da ƙaramin jariri su kam ba a jira wata shida: miligiram 2 a kowane kilo kullum tun makonnin farko, bisa umarnin asibiti.

Ga wanda aka tabbatar yana da ƙaranci, miligiram 3 na zallar ƙarfe a kowane kilo, sau ɗaya a yini. Ɗan kilo 8 miligiram 24 ke nan. Kuskuren da ya fi yawa a karatun kwalba yake. Akan rubuta lamba biyu: babbar nauyin gishirin maganin ce, ƙaramar ita ce zallar ƙarfe, da ita ake lissafi. Feros salfet kashi 20 cikin 100 nasa ne ƙarfe, fumaret kashi 33, gulukonet kashi 12. Ɗigon da ke da miligiram 25 a mililita ɗaya, yaron nan mililita ɗaya zai sha. A auna da sirinji, ba cokalin shayi ba. Yawancin kwalaben ƙarin jini masu zaƙi da ake talla ƙarfen cikinsu bai kai na magani ba.

Bayan sati huɗu a sake gwaji. Ya kamata himoglobin ya hau da giram ɗaya ko fiye. In ya hau, a ci gaba wata biyu zuwa uku bayan ya daidaita, don a lokacin ne ajiya da ƙwaƙwalwa suke samun rabonsu. Ajiye kwalba a sati uku shi ke sa abin ya dawo. In bai hau ba, ko ba a bayarwa, ko ana haɗawa da madara, ko akwai cuta a jiki. Lokacin zazzaɓi hanta tana fitar da hefsidin wanda ke rufe ƙofar shigar ƙarfe a hanji, don haka a fara maganin zazzaɓin tukuna. Ko kuma tun asali ba ƙarfe ba ne: tsutsar ciki, ko sikila. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995 a asibitin Komfo Anokye ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma wajen biyu cikin ɗari na jariran da aka gwada suna da ita. Mai sikila ba a ba shi ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata. Himoglobin ƙasa da 7, ko yaro yana haki, ko ƙafa ta kumbura, wannan na asibiti ne ba na kanti ba.

Uwargida, Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri. Abu ɗaya ya rage: iyaye da yawa suna dainawa ne don kashin yaro ya koma baƙi, haƙora ma suna yin duhu. Akwai haɗari? Kuma da gaske kwalli yana da alaƙa da wannan?

Mai haɗa magunguna, Alabar:

Baƙin kashi ragowar ƙarfen da bai shiga ba ne, ba komai. Wanda ake tsoro shi ne mai yauƙi kamar kwalta da wari mai ƙarfi, ko mai jan jini. Duhun haƙori a sama yake, ba ruɓewa ba ce. A ɗiga maganin can gefen kunci ta baya, a biyo da ruwa, a goge haƙoran da tsumma mai tsabta.

Kwalli kuwa, da yawa daga na dutse dalma ce a ciki. Hanji da ƙofa ɗaya yake ɗaukar ƙarfe da dalma, kuma in ƙarfe ya yi ƙaranci jiki yakan buɗe ƙofar sosai, sai dalmar ta fi shiga. Jariri ya murza ido ya sa hannu a baki, ita ma kai tsaye ƙwaƙwalwa take taɓawa. A bar sa wa yara, har a cibiya.

Haɗarin gaske a ƙwayoyin uwa yake, Hajiya, waɗannan jajayen masu kama da alewa. Kowace ɗaya tana iya ɗaukar miligiram 65. Yaro ɗan kilo 10 ya haɗiye goma ya kai miligiram 65 a kowane kilo, kuma daga 60 abin yana iya kisa. Yakan fara da amai da gudawa, ya yi kamar ya warware na wasu awanni, sannan hanta ta lalace. A kai shi asibiti nan take ko da yana wasa, a tafi da kwalin maganin, kada a tsaya ba shi manja ko madara ko a sa shi amai.